Harajin Shinkafar Waje da Farashin Kwanon 'Yar Gida: Wa Ke Biyan Kuɗin Fito a Nijeriya, 2013 zuwa 2024?

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci harajin da Nijeriya ta ɗora wa shinkafar waje daga 2013 zuwa 2024, tare da matakan da suka rufa masa baya, wato hana canjin kuɗi da rufe iyakokin tudu. Tambayar da aka sa a gaba ita ce daga aljihun wa kuɗin ke fita, kuma aljihun wa yake shiga. An dogara da sanarwar gwamnati, da alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, da lissafin daidaiton farashi. An gano cewa kaso mafi girma na nauyin yana kan mai sayen 'yar gida ne, wanda ake cewa harajin bai shafe shi ba, kuma ɗan kaɗan ne daga abin da ya biya ke kaiwa baitulmali.

Gabatarwa

A watan Janairun 2013, lokacin da Akinwumi Adesina ke ministan gona, gwamnatin Goodluck Jonathan ta kai harajin shinkafar waje kashi 110 cikin ɗari: kuɗin fito kashi 10, ƙarin haraji kashi 100. A 2014 aka sassauta zuwa kashi 70 ga 'yan kasuwa zalla, kashi 30 ga masu injinan casa a cikin gida. A watan Yunin 2015 Babban Banki ya sa shinkafa cikin kaya 41 da ya haramta wa samun dala ta hanyar hukuma. A Maris ɗin 2016 Hukumar Kwastam ta hana shigo da ita ta iyakokin tudu, sannan a Agustan 2019 aka rufe iyakokin. Sai 16 ga Disamba 2020 aka sake buɗe iyakokin Seme da Illela da Maigatari da Mfun, amma haramcin shinkafa ya ci gaba. A wannan maƙala duk waɗannan matakai ana lissafa su a matsayin haraji, domin aikinsu ɗaya ne: tsawwala kuɗin da buhu zai ci kafin ya iso kasuwar Singa ta Kano.

Hujjar da aka fi kare manufar da ita a bainar jama'a ita ce wai 'yar waje abincin masu hali ne, talaka 'yar gida yake ci, saboda haka harajin na attajiri ne, ribar ta manomi. Wannan ikirari ne maƙalar ke son warwarewa.

Bitar Ayyukan Magabata

Ra'ayin kare masana'antar da ba ta yi ƙwari ba tsoho ne. Hamilton (1791) da List (1841) suka kafa shi, Chang (2002) ya farfaɗo da shi da hujjar cewa ƙasashen da suka ci gaba da wannan tsani suka hau. Ba mu da ja da wannan a matsayin tarihi.

Inda muke da ja shi ne yadda ake ɗauko shi a ɗora kan shinkafar Nijeriya ba tare da an dubi taswira ba. List yana magana ne kan ƙasar da ke iya tsare ƙofarta. Igué da Soulé (1992) sun riga sun bayyana Jamhuriyar Binin a matsayin ƙasar da ta mai da kanta rumbun ajiyar kayan da za a tsallakar Nijeriya, Grégoire (1986) ya nuna yadda alhazan Maraɗi suka gina dukiyarsu kan fataucin kan iyaka, Golub (2012) kuma ya tabbatar da cewa duk kayan da Nijeriya ta tsawwala wa haraji sai shigowarsu Kwatano ta ƙaru. Dorosh da Malek, a littafin tattalin arzikin shinkafar Nijeriya da cibiyar IFPRI ta fitar a 2016, sun nuna cewa idan harajin ya yi tsanani sai cinikin ya koma ɓarauniyar hanya, kuɗin shigar gwamnati ya ragu. Abin mamaki, masu kare harajin sukan karɓi waɗannan bayanai, sai su juya su ce ai fasa-ƙwauri ne ya ɓata manufar, da an tsare iyaka da komai ya tafi daidai. To an tsare iyakar wata 16, kuma abin da ya biyo baya yana rubuce. Wannan uzuri ba ya amsa tambayar wa ya biya. Idan an toshe ɓarauniyar hanya, abin da mai saye ke biya ƙaruwa yake yi, ba raguwa ba.

Daga wajen Afirka, aiki biyu suka yi mana amfani. Deaton (1989), a nazarinsa na shinkafar Tailan, ya kafa ma'aunin cewa tashin farashi yana amfanar gidan da abin da yake sayarwa ya fi abin da yake saye, yana cutar da wanda ke akasin haka. Flaaen da Hortaçsu da Tintelnot (2020) sun bi harajin da Amurka ta sa wa injinan wanki a 2018, suka tarar farashi ya tashi da kusan kashi 12, har da na kamfanonin gida da ba su biya ko sisi ba, har ma da injin busar da tufafi wanda ba a sa wa haraji ba. Masu saye sun biya kusan dala biliyan 1.5 a shekara, gwamnati ta karɓi kusan dala miliyan 82.

Hanyar Bincike

An jera matakan gwamnati bisa kwanan wata, aka gwada su da alƙaluman hauhawar farashin abinci. An yi amfani da ƙiyasin Ma'aikatar Gona ta Amurka kan noma da cin shinkafa a Nijeriya. Sannan an yi lissafin misali, inda aka ɗauki farashin buhu a bakin teku a matsayin 100, domin a bi sawun ƙarin da ke hawa kansa.

Sakamako

'Yar waje ce ke yanka wa 'yar gida farashi. Wannan shi ne jigon abin da aka gano, kuma dalilinsa a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai awo. Magidanciya ta zo, ta tambayi kwanon 'yar waje, ta tambayi na 'yar gida, ta damƙo kowacce ta duba tsakuwa da karyayyen ƙwaya, ta yi lissafin wadda za ta fi auki a tukunya. Idan tazarar ta yi faɗi sai ta ɗauki 'yar gida ta je ta tsince, ta rege. Idan tazarar ta matse sai ta ce a auna mata 'yar waje ta huta. Mai injin casa ya san wannan lissafi sarai. Ba kuɗin shanshera da na dizal kaɗai yake dubawa ba kafin ya yanka farashi, yana kallon nawa buhun Tailan ko na Indiya ke tashi a Kano, sai ya tsaya ɗan ƙasa da shi. Duk abin da ya ɗaga 'yar waje ya ba shi sararin ɗaga tasa.

Ga lissafin misalin. A ce buhu ya iso bakin teku a kan 100. Idan ya bi ta tashar Legas ya biya kashi 70, ya zama 170 kafin a loda shi a mota. Idan ya sauka Kwatano ya biya harajin can mai sauƙi, ya haura Nijar ko ya kurɗa ta dazukan kan iyaka, a ce kuɗin mota da na 'yan babur masu ɗaukar buhu bibbiyu ko uku-uku ta hanyoyin bayan Jibiya, da na goron da ake ajiyewa a kowane shinge, da ladan kasadar kamu, sun kai shi 140. Ba ɗan kasuwar da zai bi ta Legas. Ke nan harajin da kasuwa ke aiki da shi ba 70 ɗin da ke takarda ba ne, 40 ne na ɓarauniyar hanya, kuma ba kwastam ke rubuta masa rasit ba. Wannan ya bayyana abin da ya sa Binin, ƙasa mai mutane kimanin miliyan 12 a lokacin, waɗanda ba su damu da shinkafar gumi ba, ta shiga sahun manyan masu sayenta daga Tailan a shekarun da suka gabaci rufe iyaka.

Yanzu a dubi yawan buhunan da wannan 40 ke hawa. Ƙiyasin da aka ambata ya nuna Nijeriya na samar da kusan tan miliyan 5 na casasshiyar shinkafa a shekara, tana cin kusan miliyan 7. Tan miliyan 2 ne kawai ke tsallako iyaka, amma ƙarin farashin yana bin duka bakwai ɗin. Idan 'yar gida ta bi sawu sau da ƙafa, to cikin kowace naira 7 da masu saye suka ƙara, 5 daga masu cin 'yar gida suka fito. Ko da rabin ƙarin kawai ta ɗauka saboda bambancin inganci, nauyin masu cinta zai kasance 2.5 a kan 2 na masu cin 'yar waje, wato har yanzu su ne a gaba. Ikirarin cewa harajin na attajiri ne ya rushe a nan, domin mai sayar da garau-garau a bakin makaranta da mai toya waina ba su taɓa buɗe buhun Tailan ba, amma suna cikin masu biya.

Nauyin kuma bai rabu daidai ba. Binciken Hukumar Ƙididdiga na 2018 zuwa 2019 ya nuna kashi 56.65 na abin da gidaje ke kashewa a abinci yake tafiya, kuma a wannan lokacin kashi 40.1 na 'yan ƙasa suna ƙasan layin talauci. Ma'aikacin banki da ke sayen buhu a ƙarshen wata yana jin ƙarin, amma ba ya rage cin abinci. Mai sayen gwangwani biyu da yamma, wanda ya riga ya biya ribar ɗan sari da ta mai awo, shi ke komawa kan masara da gero da taliya, kuma rububin da ya koma kansu yana ɗaga su su ma, kamar yadda injin busar da tufafi ya bi injin wanki.

Rufe iyaka ya ba mu gwajin da ya fi kowane kusa da tsabta. A Agustan 2019 hauhawar farashin abinci tana kashi 13.17. A Disambar 2020, watan da aka buɗe, ta kai kashi 19.56. Annobar korona da ambaliyar da ta cinye gonakin Kebbi a 2020 suna da hannu, amma hawan ya soma tun Satumbar 2019, watanni da dama kafin a ji ɗuriyar cutar.

Saura tambayar inda naira 5 ɗin suka shiga. Ana cewa manomi. A bisa ma'aunin Deaton, manomin da ya amfana shi ne mai rarar sayarwa da ikon ajiya. Ƙaramin manomi a Kura ko Argungu ko Haɗeja yakan sayar da shansherarsa a kaka, lokacin da kowa ke sayarwa, don ya biya bashin taki da na 'yan ƙodago. Dillali ya kwashe, ya kai sito. Da damina ta yi tsakiya rumbu ya yi ƙasa, manomin nan ya dawo kasuwa a matsayin mai saye, a farashin da harajin ya riga ya ɗaga. Takin da ya zuba da man injin ban-ruwansa kuwa farashin dala suke bi. Riba mai kauri tana tsayawa ne wurin mai jarin saye a kaka da mai babban injin casa, waɗanda tsarin 2014 ma ya ba su rangwamen kashi 40 a kan sauran masu shigowa. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ba za a musanta cewa noma ya faɗaɗa kuma injina sun yawaita bayan shirin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwambar 2015 ba. Sai dai dalar shinkafar da aka baje a Abuja a Janairun 2022 ba ta sauko da kwano ba, kuma ba za ta iya ba, muddin rufin farashin daga waje ake saita shi.

Gwamnati da kanta ta ba da shaida. A Oktoban 2023 Babban Banki ya ɗage haramcin canji, sannan a Yulin 2024, bayan hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40.87 a Yuni, aka sanar da dakatar da haraji na kwana 150 kan shinkafar da ba a gama casawa ba, da masara da alkama da wake. A shekarar ne buhu mai kilo 50 ya haura sabon mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Da farashi ya fara sassauci a 2025, ƙungiyoyin manoma da na masu injina suka koka cewa shigowar ta waje ta karya musu kasuwa. Idan 'yar gida da 'yar waje kasuwa biyu ne da ba su haɗa hanya ba, kamar yadda aka yi shekara goma ana faɗa, da wannan kuka bai taso ba.

Iyakokin Nazarin

Dole a faɗa, ko da ba ya sauya alƙiblar sakamakon, cewa lambar 40 ta misali ce. Mai fasa-ƙwauri ba ya ajiye littafi, kuma alƙaluman noma na gwamnati sun ɗara na Amurkan da aka yi amfani da su. Sai dai idan na gwamnati ne daidai, kason 'yar gida a kasuwa ya ƙaru ke nan, nauyin masu cinta ma ya ƙaru. Haka nan daga 2023 abubuwa sun cakuɗe: cire tallafin mai a Mayu, sakin naira a Yuni, takunkumin Indiya kan fitar da shinkafa a Yuli wanda ta sassauta a ƙarshen 2024, da rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ga matsalar tsaro a Zamfara da Katsina da Neja. Raba kason kowanne sai da jerin farashin mako-mako na kasuwannin Dawanau da Maraɗi da Kwatano a lokaci guda, tare da binciken gidaje da ya bambance manomi mai rara da manomi mai saye.