Tarihin Neman Daidaito Tsakanin Tawada da Ruwa a Ɗab'in Ofset

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin wata matsala guda da ta daɗe tana ci wa ma'aikatan ɗab'i tuwo a ƙwarya, wato yadda za a daidaita tawada da ruwa a kan farantin bugu. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa matsalar ba aibin wani inji ba ce. Tare da fasahar aka haife ta, kuma duk gyaran da aka yi cikin shekaru fiye da 200 ya sauƙaƙa ta ne kurum, bai kawar da ita ba.

2.0 Asali: Dutse da Ƙaro

A shekarar 1796 wani marubucin wasan kwaikwayo mai suna Alois Senefelder, mazaunin birnin Munik na ƙasar Jamus, yana neman hanya mai rahusa ta buga rubuce-rubucensa, sai ya fara gwaji da wani dutsen farar ƙasa mai santsi da ake haƙowa a Solnhofen. Zuwa 1798 ya gano cewa ba sai an sassaƙa dutsen ba. Idan aka yi rubutu a kansa da abu mai maiƙo, sa'an nan aka shafe shi da ƙaro haɗe da ɗan asid, aka jiƙa shi, to ruwa zai kama inda babu rubutu, tawada mai maiƙo kuwa ta kama rubutun kaɗai. Ya bayyana wannan hanya a littafin da ya wallafa a 1818.

Abin lura a nan shi ne, a bugun haruffan darma tudu da kwari ne suke raba baƙi da fari. A bugun dutse kuwa babu tudu babu kwari, ƙiyayyar ruwa da maiƙo ce kaɗai shinge. Ƙaron da ke riƙe ruwa a jikin dutsen shi ne wanda muka sani, na itacen dakwara, wanda malamanmu suke zubawa a tawadar allo. Turawa sun riƙa sayen sa daga Kogin Sanagal da Kurdufan ta ƙasar Sudan, kuma ƙasar Barno na cikin wuraren da ake samun sa. A zamanin dutse, ma'aunin ruwa shi ne soso da idon mai bugu.

3.0 Daga Dutse zuwa Bargon Roba

Da aka bukaci sauri, sai farantan zinki da na alminiyam suka maye gurbin dutse, domin su ana iya lanƙwasa su a jikin gangar inji mai juyawa. Amma dutse yana shan ruwa ya adana, ƙarfe kuwa ba ya sha. Tilas aka riƙa gurza fuskar faranti ta yi kaushi don ta riƙe danshi, kuma tazarar da ke tsakanin ruwa ya yi kaɗan da ruwa ya yi yawa ta ƙara ƙuntata.

A 1875 Robert Barclay ya yi rajistar injin bugu a kan gwangwani a Ingila, inda tawada ke bi ta kan wata ganga kafin ta isa ga abin da ake bugawa. Wajen 1904 kuma Ira Rubel a Amurka ya lura cewa idan takarda ta kuskure shiga inji, hoton da ya sauka a kan robar ganga yakan fito a bayan takarda ta gaba, har ya fi na gabanta kyau. Daga nan aka sami ofset: faranti ya ba bargon roba, bargon roba ya ba takarda. Ruwa kuwa ana kai shi ne da rololi masu rigar ƙyalle, waɗanda ba sa amsa gyara nan take. Mai bugu zai rage ruwa, sai takardu da yawa sun wuce kafin ya ga sakamako, sau da yawa kuma ya iske ya wuce gona da iri.

4.0 Shigowar Awo

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza, kuma a ɗab'i da gangan ake tsama shi. Bayan da Sorensen ya fito da ma'aunin tsami na pH a 1909, masu binciken harkar ɗab'i suka tabbatar cewa ƙaro yana aiki sosai ne cikin ruwa mai ɗan tsami, wajen 4.5 zuwa 5.5. Da wannan ne aka fara rarrabe cututtukan da a da ake yi wa kuɗin goro:

(a) Idan ruwa ya yi kaɗan, ko tsaminsa ya gaza, tawada takan kama wuraren da ya kamata su zauna fari, takarda ta yi dauɗa, cikin haruffa ya toshe.

(b) Idan ruwa ya yi yawa, tawada takan jiƙe ta yi fari-fari, launi ya koɗe, ta taru a kan rola.

(c) Idan tsami ya wuce kima, yakan ci rubutun faranti, ya kuma hana tawada bushewa da wuri.

(d) Idan launin tawada ya zuba cikin ruwan, sai wani shara-sharan launi ya rufe takardar baki ɗaya. Wannan ana iya goge shi daga faranti da soso, saɓanin dauɗar (a) wadda takan manne.

Mafi munin kuskure shi ne na (b), domin mai bugu yana ganin launi ya koɗe sai ya ƙara tawada, tawadar ta jawo dauɗa, ya ƙara ruwa, haka haka har aiki ya lalace. Saboda haka ne ƙa'idar masu sana'ar ta zama: mafi ƙarancin ruwan da zai tsabtace faranti, da mafi ƙarancin tawadar da za ta ba da launi. Daɗin daɗawa, bincike ya nuna cewa ƙiyayyar da aka gina fasahar a kanta ba cikakkiya ba ce. Tawada mai kyau dole ta sha wani kaso na ruwa ba tare da ta lalace ba, in kuwa ta ƙi sha sam, ba za ta bugu ba.

Wajen 1960 Harold Dahlgren a Amurka ya fito da tsarin jiƙawa mai amfani da alkohol, wanda ke sa ruwa ya shimfiɗu siriri, ya kuma amsa gyara da sauri. Daga baya aka riƙa rage alkohol ɗin saboda lafiyar ma'aikata da haɗarin gobara. A 1977 kamfanin Toray na Japan ya gabatar da faranti marar bukatar ruwa, inda silikon ke korar tawada. Sai dai shi kuma yana bukatar a tsare zafin inji, ga tsada, don haka bai ture tsohuwar hanya ba.

5.0 Matsalar a Ƙasar Hausa

Ofset ya dace da al'adarmu ta rubutu ta wata fuska muhimmiya. Tun da hoton shafi ake ɗauka a mayar kan faranti, ana iya buga rubutun hannun malami yadda yake. Ta haka ne, daga tsakiyar ƙarni na 20, maɗaba'un Kano da Zariya suka riƙa fitar da Alƙur'ani da littattafan Larabci da waƙoƙin ajami cikin rubutun da almajirai suka saba da shi, ana sayarwa a Kasuwar Kurmi da sauran kasuwanni.

A irin wannan aiki daidaiton ruwa ya wuce batun kyan gani. A rubutunmu ɗigo ɗaya a ƙasa shi ne fa, ɗigo ɗaya a sama shi ne ƙaf. Ke nan dauɗa na iya ƙara ɗigon da marubuci bai sa ba, yawan ruwa kuma ya share siririn wasalin da ya sa. Har ila yau yanayinmu yana da nasa hukunci. Da hunturu danshi kan ƙafe daga faranti da sauri, ga ƙura. Da damina kuwa takarda takan sha raɓa, tawada ta yi jinkirin bushewa. Ruwan rijiya mai yawan ma'adinai shi ma yana kashe tsamin da aka haɗa. Saitin da ya yi daidai a Janairu ba lallai ya yi a Agusta ba.

6.0 Kammalawa

An ga yadda aikin daidaitawa ya tashi daga soso zuwa rola, daga rola zuwa ma'auni. Kowane mataki ya rage kuskure, amma hukuncin ƙarshe yana nan ga wanda ya zaro takarda daga inji ya duba. Shawarar da wannan tarihi ke bai wa masu nazarin littattafanmu ita ce, idan suka ci karo da saɓanin ɗigo ko wasali tsakanin bugu biyu na littafi ɗaya, kada su gaggauta ɗora wa magwafi laifi, sai sun bincika ko laifin na faranti ne.