Daga Ina Jan Sa Ya Samo Ƙahonsa?

Duk wanda ya tsaya bakin rijiya a Kelle lokacin rani ya san shanun Bororo: ja wur, dogayen ƙafafu, ƙaho fari ya miƙe sama, wani har ya zarce mita guda. To, daga ina suka fito?

A duwatsun Ayar da Tasili akwai zanen shanu masu dogon ƙaho, amma babu tozo. An yi su shekaru dubbai da suka wuce, lokacin da Sahara ke da ciyawa da tafkuna. A 1970 masu bincike sun tono ƙasusuwan wata saniya ta wancan zamani a Adrar Bus, nan Nijar. Shi kuwa tozo baƙo ne, daga Indiya ya shigo ta gabashin Afirka. Da jinin biyu ya gauraya, sai makiyaya suka yi ta zaɓen wadda ke jure tafiya da ƙishirwa.

Bushiya ta kashe garkuna wajen 1891, farin 1973 da na 1984 suka ƙara, amma irin bai ɓace ba. Nononta kaɗan ne, gaskiya, kuma ba ta yarda da baƙo. Sai dai in kiwo ya yi nisa, ita ke kaiwa.

Yau wasu na haɗa ta da Azawak don neman nono. Ba laifi. Amma fa mu duba shanun Kuri na tafkin Cadi, waɗanda gauraya ke cinye irinsu. In fari ya dawo Kutus, wace saniya za ta kai mu rijiya ta gaba?