Giyar Star: Daga Legas Zuwa Gonar Dawa

A watan Yuni na shekarar 1949 ne kwalbar farko ta giyar Star ta fito daga masana'antar Iganmu da ke Legas. Kamfanin da ya yi ta, wanda a yau ake kira Nigerian Breweries, an kafa shi a 1946 bisa haɗin gwiwar UAC, babban kamfanin cinikin Turawan Ingila, da Heineken na ƙasar Holan. Kafin wannan lokaci, giyar kwalba a jirgin ruwa take zuwa daga Turai. Saboda haka aikin farko da ke gaban masu Star shi ne su gamsar da mai saye cewa abin da aka dafa a gida bai gaza na waje ba.

Talla ce ta ɗauki wannan nauyi. A jaridu da allunan bakin hanya na shekarun 1950 da 1960, akan nuna ɗan boko cikin kwat, fuskarsa a sake, ya tashi daga ofis yana hutawa da abokansa ko da matarsa. Ba ɗanɗano ake sayarwa ba, matsayi ne. Burkutu da bammi aka bar wa ƙauye, kwalba kuwa ta zama shaidar mai albashi, ɗan zamanin 'yancin kai. Dabarar ta ci, har aka buɗe masana'anta a Aba a 1957, sannan Star ta ƙetare iyaka aka shiga dafa ta a Kumasi ta Gana da kuma Saliyo.

A ƙasar Hausa lamarin ya sha bamban. Ba wai Bahaushe bai san giya ba. Maguzawa sun daɗe suna dafa ta da dawa, kuma kalmar ta kafu a harshe har ta shiga salon magana, inda akan ce giyar mulki ko giyar kuɗi tana ɗibar wane. Amma Musulunci ya haramta ta, kuma Turawan mulkin mallaka da kansu sun ƙuntata shigo da barasa Arewa. Don haka ko da aka buɗe masana'antar Kaduna a 1963, kasuwar Star ba ta wuce Sabon Gari da barikin soja da kulob-kulob na ma'aikata ba. Abin da ya zama alamar wayewa a Legas, a cikin birnin Kano ko Zazzau abin kunya ne, wanda mai yin sa kan jira duhu.

Alaƙar da ta fi ƙarfi ta wata ƙofa ta shigo, kuma ba mai talla ne ya buɗe ta ba. A 1988, a tsakiyar shirin tsuke bakin aljihu, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, wato ainihin abin da ake dafa irin wannan giya da shi. Tilas kamfanoni suka sauya injuna suka koma ga dawa da masara. Dawar nan kuwa yawancinta a Arewa ake noma ta. Sai ga buhunan da dillalai ke lodawa a kasuwannin hatsi suna ƙarewa a tukunyar giya, alhali manomin da ya shuka ta bai taɓa kai kwalba bakinsa ba, wataƙila ma bai san inda motar ta nufa ba. Abin lura a nan shi ne, giyar da aka ɗaukaka don ta nisanta kanta daga burkutu ta dawo tana cin hatsi ɗaya da shi. An ɗage hanin daga baya, amma dawa ba ta fita daga tukunyar ba.

Tun da Zamfara ta ƙaddamar da Shari'a a 1999, wasu jihohi suka biyo baya, sayar da giya ya zama laifi a yawancinsu. A Kano, Hukumar Hisba kan tara kwalaben da ta kama, a bi ta kansu da katafila a bainar jama'a. Daga nan wata gardama ta taso wadda har yau ba ta mutu ba, domin harajin kayan masarufi da ake karɓa a kan giya asusun tarayya yake shiga, a raba shi ga dukkan jihohi, har da waɗanda ke fasa kwalaben.