Idanu Biyu, Hoto Ɗaya: Nazari Kan Gyaran Tsohon Tabaran Hangen Nesa

Wanda ya ɗora tsohon tabaran hangen nesa a ido, bayan minti biyu ya ji kansa na sarawa, yakan ɗora laifin kan dattin gilashi. Galibi ba nan gizo ke saƙa ba. Na'urar bututu biyu ce, kowanne da nasa hoton, ƙwaƙwalwa ce ke haɗe su. In bututu ɗaya ya kauce ko da ƙiris ne, sai jijiyoyin ido su yi ta fama su miƙe abin da ya karkace, daga nan ciwon kai ya taso.

Kaucewar daga ƙirar ta samo asali. A 1854 wani ɗan Italiya, Ignazio Porro, ya yi rajistar dabarar jera dunƙulen gilashi masu kusurwa uku, wato firizim, don su miƙe hoton da gilashin gaba ke kifarwa, su kuma rage tsawon bututu. Kamfanin Carl Zeiss na garin Jena a Jamus ne ya kai ta kasuwa a 1894, bisa aikin Ernst Abbe. Kowane bututu firizim biyu gare shi, suna zaune a gurbi, ɗan siririn ƙarfe ya danne su. Faɗuwa ɗaya daga kan tebur ta isa ta gusar da ɗaya.

Sai dai ƙirar da ta jawo cutar ita ta zo da maganin. Tabarau irin su Deltrintem 8x30, wanda Zeiss ya fitar a 1920, an yi su ne don a kwance a mayar. Gilashin gaba yana cikin zobba biyu waɗanda raminsu bai zauna a tsakiya ba, da gangan. Mai gyara yana murza su sannu a hankali, hoton yana matsawa, har na dama ya hau kan na hagu. Gwajin da dare ake yi: a auna tauraro ɗaya, in ya fito biyu, da sauran aiki. Abin lura, ana iya daidaita shi ya dace da tazarar idon mutum ɗaya kawai, wani ya karɓa ya ga biyu. Wannan rabin gyara ne, ko da an biya kuɗin cikakke.

Sauran cututtukan na gilashi ne. Tsohon giris yana fitar da tururi ya kwanta kamar hazo. Wannan yana gogewa. Ƙaron itacen da ake kira balsam na Kanada, wanda aka manne gilasai biyu da shi, yana yin rawaya ya saki daga gefe, sai a raba su a sake mannewa. Mafi muni ita ce fumfuna. Danshi take bi, ta shimfiɗa zare kamar yanar gizo, in ta daɗe ta ci fuskar gilashin, tabon kuma ba ya fita. Ajiya a rufaffiyar jakar fata duk tsawon damina gayyatarta ce.

A ganina, ɓarnar da hannu mai zumuɗi ke yi ta fi ta shekaru. Gilashi tsurarsa yana mayar da kusan kashi 4 cikin ɗari na haske a kowace fuska, shi ya sa Alexander Smakula na Zeiss ya ƙirƙiro shafin da ke rage asarar a 1935. Shafin farko-farko yana da laushi, musamman na ciki. Tsumma da ƙurar hunturu sun isa su kankare shi har abada. A hure ƙura tukuna, sannan a taɓa. A kuma sa wa kowane firizim alama kafin a ciro shi.

Mai niyyar saye, ka haska tocila ta gilashin gaba ka leƙa ciki. Hazo da kaucewa suna gyaruwa. In ka ga zaren fumfuna ya mamaye, ko firizim ya tsage, ka ajiye wa mai shi kayansa.