Ƙasar Noma A Gundumar Miami-Dade: Yadda Ake Yin Lambu A Kan Dutse

Gundumar Miami-Dade, wadda ke kudu maso gabashin jihar Florida ta Amurka, ta yi suna wajen noman mangwaro da fiya da tumatir da kuɓewa. Abin mamaki shi ne, a mafi yawan filayenta, idan mai lambu ya kafa fatanya, bai wuce tafin hannu ɗaya ba zai ci karo da dutse. Duk wani shiri na lambu a wannan gunduma mai mutane kusan miliyan 2.7 daga wannan dutse yake farawa.

Asalin ƙasar

Kimanin shekara 125,000 da suka shuɗe, teku mara zurfi ne ya rufe yankin. Abin da ya kwanta a ƙarƙashin ruwan shi ne ya daskare ya zama dutsen farar ƙasa mai ramuka kamar soso. Asalin ƙasar da ke samansa ba ta da kauri, sai dai a kan samu jar laka a cikin wasu ramuka, kuma daga gare ta ne yankin noma na Redland, kusa da garin Homestead, ya samo sunansa.

Tun daga shekarun 1950, manoma suka fara jan wata babbar garma da katafila domin farfasa saman dutsen a cakuɗa shi da ’yar ƙasar da ke akwai. Da haka aka samu ƙasa mai tsakuwa wadda masana ke kira Krome, zurfinta bai cika wuce santimita 20 ba. Ruwa ba ya daɗewa a cikinta, taki ma haka.

Nau’i na biyu shi ne farar laka, wadda ta taru a kwaruruwan da ruwa ke kwanciya. Tana da laushi, amma tana riƙe ruwa har saiwar shuka ta ruɓe idan damina ta yi nisa. Akwai kuma yashi a wasu sassan arewacin gundumar, da baƙar ƙasar ruɓaɓɓun tsirrai a gefen fadamar Everglades.

Abin da ke hana shuka cin abinci

Babbar matsalar ƙasar tsakuwa da farar laka ita ce rashin tsami. A ma’aunin pH, inda 7 ke tsakiya, suna kaiwa tsakanin 7.4 da 8.4, alhali yawancin kayan lambu sun fi walwala a tsakanin 6 da 7. A irin wannan yanayi, sinadaran ƙarfe da zinki da manganis suna nan a cikin ƙasar, amma a ɗaure suke, saiwa ba ta iya zuƙarsu.

Alamar tana bayyana a kan sabon toho: ganye ya yi rawaya, jijiyoyinsa kuma su ci gaba da zama kore. Mai lambun da bai gane ba sai ya ƙara takin NPK, ya yi asarar kuɗinsa, ganyen bai sauya ba.

A wasu wurare akan zuba farar wuta domin ƙara wa ƙasa tsami. A nan dabarar ba ta tasiri mai ɗorewa, domin ƙasar kanta garin dutsen farar ƙasa ce, tana kashe tsamin da zarar ya samu. Saboda haka masana aikin gona na Jami’ar Florida, wadda ke da cibiyar bincike a Homestead, suke ba da shawarar a zuba sinadarin ƙarfe nau’in EDDHA, wanda ba ya ɗaurewa a irin wannan ƙasa, a jiƙa shi a gindin shuka, zinki da manganis kuwa a fesa su a kan ganye.

Yadda masu lambu ke yi

Ga kayan miya, hanya mafi sauƙi ita ce a bar dutsen a ƙasa, a yi gini a samansa. Ana haɗa akwatin katako ko na bulo, a cika shi da ƙasa mai kyau da ruɓaɓɓen takin gargajiya. A wurin farar laka kuwa, tayar da kunya mai tudu ne ke tserar da saiwa daga ruwa.

Itatuwa suna buƙatar fiye da haka. Masu gonakin ’ya’yan itace kan yanka dogayen ramuka a cikin dutsen, zurfin kimanin rabin mita, su cika su da tsakuwar da aka fasa, sannan su dasa. Muhimmancin hakan ya fito fili a watan Agustan 1992, lokacin da guguwar Andrew ta ratsa Homestead ta tumɓuke ɗimbin itatuwa.

Rufe gindin shuka da ganye ko ɓawon itace yana rage ƙafewar ruwa, kuma yana ƙara wa ƙasa ƙarfi a hankali. Sai dai zafi da laima suna saurin cinye shi, dole a riƙa sabuntawa. Lokacin shuka ma ya sha bamban da na arewacin Amurka: tumatir da wake sun fi kyau daga Oktoba zuwa Maris, kuɓewa da dankali kuma su ne ke jure damina.

Taki da ruwan sha

Dutsen nan mai ramuka shi ne ke riƙe da ruwan ƙarƙashin ƙasa na Biscayne, wanda mutanen gundumar ke sha, kuma a wurare da dama ruwan bai wuce ’yan mitoci daga sama ba. Takin da shuka ba ta ci ba yana bin ruwan sama ya gangara cikinsa, ko ya bi magudanai zuwa gaɓar teku.

Bayan mutuwar kifaye masu yawa a mashigin tekun Biscayne a watan Agustan 2020, hukumar gundumar ta kafa doka a 2021 wadda ta hana zuba takin da ke ɗauke da nitirojin ko fosfaras a kan ciyawar ƙawata gida da furanni daga 15 ga Mayu zuwa 31 ga Oktoba. Ƙa’idar da ta dace da mai lambu a irin wannan ƙasa ita ce ya zuba taki kaɗan-kaɗan a kai a kai, ya guji zubawa idan hadari ya haɗo, kuma ya kai ƙasarsa a auna kafin ya sayi ko da buhu ɗaya.