Tarihin Sesame Street da Koyar da Yara ta Talabijin

Shirin Sesame Street ya fara fitowa a talabijin ɗin Amurka ranar 10 ga Nuwamba, 1969, kuma da yawa daga cikin bidiyoyi da manhajojin koyar da ƙananan yara na yau salonsa suka gada. Asalinsa wata hira ce da aka yi wajen cin abincin dare a birnin New York a 1966, tsakanin Joan Ganz Cooney, mai shirya shirye-shiryen talabijin, da Lloyd Morrisett na gidauniyar Carnegie. Morrisett ya lura 'yarsa mai shekara 3 kan tashi da sassafe ta zauna gaban akwatin talabijin tun ba a buɗe tasha ba. Sai ya yi tambaya: tunda abin yana jan yaro haka, ko zai iya koya masa karatu?

Cooney ta yi bincike, ta ga yaran da ba su shiga makaranta ba sun haddace waƙoƙin talla tsaf. Sai ta ba da shawara a riƙa tallata baƙaƙe da lambobi da irin wannan dabara: gajeren hoto mai motsi, waƙa mai shiga kunne, da maimaici. A 1968 aka kafa Children's Television Workshop da jarin kusan dala miliyan 8 daga Carnegie da gidauniyar Ford da gwamnatin tarayya. 'Ya'yan talakawan birane aka fi nufa, waɗanda kan shiga aji ɗaya a bayan tsaransu.

Abin da ya raba shirin da na gabansa shi ne awon idon yaro. Gerald Lesser na Jami'ar Harvard ya jagoranci tsara manhajar karatun, Edward Palmer kuma ya ƙirƙiro wani gwaji mai sauƙi. Akan zaunar da yaro gaban talabijin, a gefe kuma a kafa majigi mai sauya hoto duk bayan daƙiƙa 7 da rabi. Mai bincike yana zaune yana rubuta lokacin da yaron ya kau da kai zuwa majigin. Sashen da ya kasa riƙe ido sai a gyara shi ko a jefar, komai kyawun darasin da ke ciki.

Wannan gwaji ne ya sauya fasalin shirin tun kafin ya fito. Masana halayyar yara sun ce kada a haɗa mutane da 'yan tsanan Jim Henson a fage ɗaya, don kada yaro ya kasa bambance gaskiya da almara. Da aka gwada a wasu gidaje a Philadelphia a watan Yulin 1969, sai aka ga da zarar 'yan tsanan sun ɓace, hankalin yaran ya tafi. Masu shirin suka ajiye shawarar masana, suka sa Big Bird, tsuntsu rawaya mai tsawon sama da ƙafa 8, da Oscar mai kwana a garwar shara suna yawo cikin mutanen unguwa. Lokaci ya nuna masu shirin ne da gaskiya.

Ba ko'ina aka yi maraba da shi ba. A 1970 hukumar talabijin ta jihar Mississippi ta hana nuna shi saboda yara farare da baƙaƙe suna wasa tare, amma ta janye bayan 'yan makonni da labarin ya bazu. A shekarar ce kuma binciken Samuel Ball da Gerry Ann Bogatz ya nuna yaran da suka fi yawan kallo sun fi sanin baƙaƙe da ƙirga.

Daga nan ƙasashe suka fara shirya nasu da harshensu: Brazil da Mexico a 1972, Jamus a 1973, Kuwait a 1979, Afirka ta Kudu a 2000. A Afirka ta Kudun ne aka fito da Kami a 2002, 'yar tsana mai ɗauke da ƙwayar cutar HIV, don rage tsangwamar yara masu cutar. Najeriya ta samu nata, Sesame Square, a tashar NTA a 2011 da tallafin USAID, inda aka haɗa Kami da Zobi, direban tasi mai son doya.

A 2000 Children's Television Workshop ya koma Sesame Workshop. Yanzu shirye-shiryensa suna YouTube da manhajojin waya, inda yaro ke dangwala harafi da yatsa, manhajar ta faɗa masa ko ya dace.