Namiji Mai Gida Biyu: Abin da Masu Bincike Suka Gano

Maudu'inmu na wannan mako mai nauyi ne, amma ciwon da aka ɓoye shi ke kisa. Muna magana ne a kan namijin da ke da mata a gida, kuma yana neman maza a waje.

A 1948 Alfred Kinsey na Jami'ar Indiyana a Amurka ya fitar da ma'auni daga 0 zuwa 6, yana cewa tsakanin mai sha'awar mata zalla da mai sha'awar maza zalla akwai masu sha'awar duka biyun. A 2005 wani bincike a Jami'ar Northwestern ya sa shakku a kan samuwar irin waɗannan maza, sai wani binciken daga jami'ar a 2011 ya tabbatar da akwai su.

Mu dawo gida. Tun 1993 Rudolf Gaudio ya zauna a Kano yana nazarin harshen 'yan daudu, ya wallafa littafinsa a 2009. Ya nuna cewa ɗan daudu daban, "mai harka" daban. Na farko ana gane shi da karairaya da sana'ar abinci. Na biyun kuwa yana iya zama magidanci mai kamala a idon unguwa. Da yawansu suna aure suna haihuwa.

A nan ne lamarin ya shafi matan gida. Binciken gwamnatin tarayya ya nuna cutar ƙanjamau tsakanin maza masu neman maza ta tashi daga kashi 13.5 cikin ɗari a 2007 zuwa kashi 22.9 a 2014, shekarar da Shugaba Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi.

Hukuncin addini da na doka sananne ne, ba shi muke muhawara a kai ba. Tambayarmu ta marubuta ce. A littattafanmu mun mai da ɗan daudu abin dariya, mun manta da matar da ke jiran mijinta a ɗakin haya a Trikania, ba ta san komai ba har sai sakamakon asibiti ya fito. Wa zai rubuta labarinta? Kafin mu ɗauki alƙalami, mu karanta, mu bambance mutanen da muke zanawa.

Allah Ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa.